Numfashin Da Ba Na Inna Ba

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Anti da yara, Ya kuma tsare ku a inda kuke. Mu nan alhamdu lillahi. Maigidana ya samu sauƙin ciwon bayan nan, yara suna makaranta, Kawu kuma ya daina hawa babur, ko da yake ya ce babur ɗin ne ya tsufa, ba shi ba.

Maganar Inna ce ta sa na zauna rubutu. Na so in kira ka, amma na san halina, kuka zan fara in manta rabin zancen, don haka zan ɗauki hoton takardar in turo maka. Ka san tsarin da aka yi tun da asmarta ta tsananta: likitan ƙirji yana duba ta ta waya duk mako, ta hura bututun gwada numfashi, a maƙala mata ɗan abin awon nan a yatsa, Auta ya karanta masa lambobin. Da yake sabis ba ya ɗaukar hoto a ɗakinta, sai suka koma murya kawai. Lambobi suka yi ta kyau, har likita ya rage mata maganin shaƙa. Ni kuwa duk yammar da na biyo daga ofis sai in ji ƙirjinta yana fito kamar butar shayi a kan wuta. Na yi ta zargin kunnena. Na ce wa kaina, ke da ba ki wuce sakandare ba, ke ce za ki fi na'ura sani?

Ranar Talata na nemi izini a wurin aiki na je. Na fito mata da kujera tsakar gida inda sabis ke kamawa, na jingina wayar a bakin taga. Da likita ya ga fuskarta sai ya ce ta hura yana kallo. Yaya, ta tattara duk ƙarfinta ta hura, alamar ko rabin inda Auta ke faɗa ba ta kai ba, tari ya sarƙe ta. Likita ya tambaya a hankali wa ke hura masa bututu duk makonnin nan, ya ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Auta ya sunkuyar da kai. Shi ne ke hurawa, yatsansa ne kuma ake aunawa. Ashe huhun ƙato mai buga ƙwallo likita ke ta yabawa.

Na hau Auta da faɗa, sai Inna ta ɗaga hannu, tana haki, ta ce in ƙyale mata ɗa, ita ta sa shi, don ba za ta koma gadon asibiti a cusa mata roba a hanci ba. Ta ƙara da cewa ai babbansu ma, wato kai, ya sani, shi ya ce a bi ta yadda take so.

Wannan ne ya fi yi mini ciwo. Duk mako ina turo maka lambobin nan cikin murna, kana amsa mini da alhamdu lillahi, alhali ka san ba nata ba ne. Na yi ta juya abin a raina, ko ni ce mai wuyar sha'ani har kuka ga gara a ɓoye mini. Mai yiwuwa haka ne. Na kuma san tausayinta ne ya ja ka. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kai kana nesa, ni nake zama kusa da ita ina jin fiton.

Likita ya mayar mata da maganin, ya ce lallai a kawo ta a kwantar, a sa mata iska kafin ƙarshen mako. Ta ƙi, ta ce sai in kai ne ka ce. Don haka ka kira ta yau, ka faɗa mata da bakinka. Ba haƙuri nake nema ka ba ni ba, wannan ma yi shi daga baya. Na riga na haɗa jakarta, tana bayan ƙofa.

Ka gaishe mini da Anti, da 'Yar Baba, da ɗan ƙaramin nan mai yawan tambaya. Goggo da Kawu suna gaishe ka. Auta ya ce in miƙa maka gaisuwarsa, na ce ya miƙa da kansa, tunda kun saba magana ba da ni ba.

Ni ce ƙanwarka,
mai jiran kiranka.