Abin da Nake Zuba wa Baba a Koko

Assalamu alaikum mai shafi da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku ji ni har ƙarshe kafin ku yanke min hukunci, don ni ma na tsani kaina.

Mu 'yan Fagge ne. Shekarar da soja suka miƙa mulki ne, hannun Babanmu ya fara karkarwa, likita ya ce cutar Fakinsin ce, ya ɗora shi a kan ƙwayoyi. Yayana Kamilu ke saye, matarsa Falmata ke ba shi a kan lokaci. Kullum su biyun nan Baba yake sa wa albarka, ni da nake wanke masa kaya ko sannu. Ni ba 'yarsa ba ce? Haushi ya kai ni kemis a Sabon Gari, na sayo maganin ƙarin jini mai bitamin, ina zuba masa a kokon da yake haɗiyar ƙwayoyinsa da shi. Ban gaya wa kowa ba, so nake in ya murmure in ce aikina ne.

Sai jikin Baba ya ƙara sandarewa, har ya faɗi a banɗaki. Yaya Kamilu ya tsare Falmata: "Kin gaji da ubana ko? Tsallake masa magani kike yi!" Ta yi ta rantsuwa har muryarta ta dishe, amma ya ce ta tafi gidansu. Da na raka Baba asibiti, likita ya tambaya ko yana shan maganin ƙarin jini, wai sinadarin ƙarfen da ke ciki yana hana jiki karɓar ƙwayar idan aka sha su tare. Na dubi idon likita na ce, "A'a." Wace irin zuciya gare ni?

Muna dawowa na tuttular da kwalbar a kwata. Baba ya fara samun sauƙi, yanzu har yana taka ƙafa zuwa masallaci. Abin takaici, sauƙin nan shi ya gama da Falmata. Dangi sai cewa suke, "Kun gani? Tana barin gidan ya miƙe!" Yaya Kamilu ya fara zancen saki.

Jiya ina miƙa wa Baba koko ya riƙe hannuna ya ce, "Allah ya yi miki albarka. Ki je ki ce wa Falmata na yafe mata."

Albarkar da na daɗe ina nema ke nan, kuma ta hana ni cin abinci. Me zan yi?