Saƙon Madam Florentine

Garwa

Zuwa ga Adda Fa'iza,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, ke da Malam Hashim da yara. Yaya unguwarku Domayo, yaya ɗalibanki na lise, wato sakandare? Mu nan lafiya lau, sai dai ƙanwarki ta jawo wa kanta abin kunya.

Kin san wata uku ke nan ina zuwa ajin koyon Ingilishi. To, maigidana Zaharaddin ya samu wata 'yar kasuwa daga Bamenda, Madam Florentine, tana son ya riƙa aika mata bandar kifin tafkin Lagdo. Faransancinta bai kai ya kawo ba, shi kuma ba ya jin Ingilishi, sai na zama tafinta. Muka gayyace ta cin abincin rana. Na tambaye ta a waya ko tana cin yaji, ta ce, "I hardly eat pepper." Ni kuwa abin da na sani, "hard" ƙarfi ne. Na ce lalle wannan gwanar yaji ce, na zuba attaruhu a miyar yakuwa ba tausayi.

Adda, loma biyu ta yi hawaye suka zubo. Kwanon kindirmo guda ta shanye, tana fifita baki da hannu. Duk da haka ta ɗauki samfurin kifi ta tafi.

Jiya ta turo saƙo: "Few traders have fish like yours. I can't buy from anybody else." Ina ganin "can't buy" na ce shi ke nan, ta fasa saye. "Few" kuma ai kaɗan ne. Kifinmu ne ya yi mata kaɗan? Ban faɗa wa Zaharaddin ba, ya sa rai ƙwarai da cinikin nan. Ba na son yara su ji muna maganar a waya, shi ya sa na ba direban ajans, wato kamfanin motocin fasinja, wannan takarda. Ke ce malamar Ingilishi, ki faɗa mini gaskiya: miyata ce ta kore ta?

Ƙanwarki,
Nasiha

Garwa

Zuwa ga Adda Fa'iza,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya kuma murar ta sake ki. Amsarki ta iso, har da dariyar da kika cika rabin shafi da ita. Na yafe.

Ashe "hardly" na nufin da ƙyar! Ashe yabonmu matar ta yi: masu kifi irin namu ba su da yawa, kuma ba za ta saya wurin kowa ba sai mu. Na fita tsakar gida na rangaɗa guɗa har maƙwabciyata Lauratu ta leƙo tana tambayar wa ya haihu.

Na karanta wa Zaharaddin saƙon, na kuma faɗa masa kwana huɗu na yi ina ɓoyewa. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Kaya na farko ya tashi ranar Litinin.

Yanzu shi ma ya shiga ajinmu, a bencin baya. Ran nan malam ya tambaye shi, ya miƙe da babbar rigarsa ya ce, "I don't know nothing." Na ɗaga hannu na gyara masa: "anything". Har muka iso gida bai kula ni ba, amma da safe shi ya kawo mini littafinsa in duba masa aikin gida.

Ki gaida kowa da kowa.

Taki har kullum,
Nasiha