Jirgin da Ke Cikin Rumfa

Ni Emile Kamgaing na Bafoussam, ina rubuta wannan da hankalina cikakke. 'Ya'yana Ghislain da Honorine, ku karanta tare.

Na ɗaya. Gida da gonar kofi na Honorine ne. Tun rasuwar mahaifiyarku ita kaɗai ke leƙo ni. Sauran kwanaki daga ni sai rediyo.

Na biyu. Jirgin saman da na ƙera a rumfar da ke bayan gidan nan da injin tsohuwar mota, naka ne, Ghislain, har da kayan aiki. Amma ka fara jin wannan.

Ranar da na tashe shi, ban wuce tsayin itatuwa ba injin ya shaƙe, ya yi baƙin hayaƙi, ƙarfi ya zube, na faɗa gonar masara. Da ka sheƙo a guje, a gaban jama'a na ce maka, "Kai ka daidaita kabireta, sakarai! So kake ka gaje ni da wuri?" Ka ce, "Baba, yadda ka koya mini na yi." Washegari ka tafi Douala. Yau shekara tara.

Bara na kwance kabiretar, wato mai gauraya wa inji mai da iska. Ɗan ƙoƙon cikinta da ke tasowa ya toshe mai idan ta cika, shi ya huje, daidai inda na liƙe shi da dalma da hannuna. Mai ya yi ta kwarara har ya rinjayi iska. Saitinka ba shi da aibu. Na zauna riƙe da abin nan har rana ta faɗi, babu wanda zan nuna wa. Sau uku na ɗauki waya, kunya ta hana ni. Ka yafe mini, ɗana.

Na uku. Kada ka liƙe ƙoƙon, sayi sabo. Ka ɗaure jirgin a jikin itace, ka ba shi wuta awa guda, sannan ka duba launin fulogi. Baƙi, mai ya yi yawa. Fari fat, iska ta yi yawa, kuma wannan ya fi haɗari. Ka tuna iskar tsaunukanmu ba ta kai ta Douala kauri ba. In zuciyarka ba ta kwanta ba, bar shi a ƙasa.

Na huɗu. Honorine, daina yi wa yayanki gorin tafiyarsa. Ni na kore shi.

Ku binne ni kusa da mahaifiyarku. Kowace shekara ku haɗu a gidan nan, ku ci tukunya ɗaya, ko da babu mai abin cewa. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'yan da za su zauna kusa da ku in kun tsufa.