Muryar Fir'auna

Yaya Mahamadu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali? Ya ƙafar Inna? Ka ce mata ina lafiya. Mu biyar ne yanzu a ɗakinmu na Sevran, kusa da Paris, ko ba komai sanyi ba ya damunmu.

Makon jiya wani ɗan Maradi ya kai ni Lyon, wai wani kamfani yana neman mai murya da Hausa. Ya gaya musu shekara tara na yi ina karanta sanarwa a rediyon garinmu. Suka ce darasin tarihin Masar ne na yara a waya, ni ne Fir'auna. Na daɗe ba aiki, na yarda.

Amma Yaya, wane irin tarihi ne babu sunan gari ko ɗaya? Abin da suka sa na yi ta maimaitawa shi ne, "Saura kaɗan, sake juyawa." Na leƙa allon kwamfutar baturen da ke ɗaukar muryata, na ga dalar Masar da buzuzun zinariya suna juyawa layi-layi. Da na tambaye shi ko caca ce, sai ya kashe allon ya miƙo mini shayi.

Sun biya ni, na karɓa, Allah ya yafe mini. Tun a jirgin komawa Paris nake tunanin mutanenmu, da suka saba jin sanarwar mutuwa daga bakina, ba mai musawa.

Don Allah ka gaya wa samarin unguwa, har da Habu ɗanka. In sun ji ni a wasan caca na waya ina cewa saura kaɗan, muryata ce, amma ƙarya nake yi.

Ƙaninka,
Laminu