Haɗin Wayar Baba Cindo

Litinin, 7 ga Maris, 2022
Aikina na farko tun da na gama makaranta, kuma a gonar Baba Cindo, mahaifin Zulai'atu da aka sa mana rana bayan sallah. Gonar na bakin tafki, kudu da Wara. Famfon sola ne ke ba shinkafarsa ruwa, ita da ta maƙwabcinsa Philip da ke can ƙarshen kwata. Inbatar da ke sarrafa gudun famfon tana kashe kanta, tana nuna GF. Wato wuta na zurarewa zuwa ƙasa. Shinkafa ta yi ciki, ba lokacin ƙishi ba ne.

Na auna wutar da ke shigowa daga faifan sola: bolt 560, daidai. Fankar inbatar na juyi. Babu ƙura.

Talata, 8 ga Maris
Na cire wayoyi na gwada injin famfon shi kaɗai. Kwayil uku duka om 2.1. Rufinsu ya wuce megom 200. Lafiyarsa lau. Da na gwada doguwar wayar da ke tsakaninsa da inbata, sai 0.3. Na sake, 0.3. Wato rufin wayar ya lalace, ta nan wuta ke zurarewa.

Na bi wayar da ƙafa. Tafki yana ja da baya, an matsar da famfo don bin ruwa, waya ta kasa, an yi mata ƙari. Haɗin na kwance cikin taɓo, an naɗe shi da robar tsohuwar tayar mashin. Ina tsugune a kai sai ga Baba. Ya ce, "Ka ga aikina? Ni na ɗaure shi da hannuna, ko kada bai kwance shi."

Na ce, "Ya yi kyau, Baba." Abin da na ce ke nan. Kaina a ƙasa.

Laraba, 9 ga Maris
Yaya zan dubi mutumin da zai ba ni 'yarsa in ce aikinsa ne ya ɓaci? A gaban Philip kuma? Ko sunan surukin nawa ba na iya kira. Na wuni ina ɗaure kusoshin da ba su kwance ba, don a ga ina aiki.

Alhamis, 10 ga Maris
Na sami dabara. Na faɗa wa Zulai'atu, ta faɗa wa Innarta, Inna ta faɗa masa. Na yi bayani dalla-dalla: a yanke haɗin, a sa akwatin haɗi mai hana ruwa, a ɗaga shi daga taɓo, kuma kada a sake kunna inbata kafin nan. Zulai'atu ta yi dariya, ta ce, "Injiniya guda, sai an yi maka ɗan aike?"

Juma'a, 11 ga Maris
Saƙo ya isa, amma ya rame a hanya. Abin da Baba ya ji: yaro ya ce a ƙara ɗaure waya. Ya ƙara roba falle biyu, ya mayar da ita cikin taɓo.

Na tafi Yelwa neman akwatin haɗin. Ban ce wa Baba kada ya kunna ba. Na ɗauka Inna ta faɗa.

Asabar, 12 ga Maris
Inbatar ta ƙone.

Lahadi, 13 ga Maris
Jiya ban iya rubutu ba. Philip ya ce tun safe Baba ke tsaye gaban inbata, tana kashewa yana danna maɓallin sake tashi, don shinkafa ta fara naɗe ganye. Daga baya suka ji ƙara, hayaƙi ya fito. Na buɗe. Ɓangaren da ke tura wuta zuwa injin ya fashe, layukan wutarsa biyu cikin uku sun haɗe. Ba abin gyara ba ne a nan. Sai an kawo wata daga Kano.

Inbatar ta yi aikinta. Kullum tana faɗin abin da ke damunta da haruffa biyu. Ni ne mai baki.

Laraba, 16 ga Maris
An samo aron ƙaramin injin fetur. Ruwansa na kai rabin gonar Baba, ba ya kai wa Philip. Ƙasarsa ta tsage, hannu na shiga. Na faɗa wa Philip komai. Ya murza zangarniya a tafinsa, ya hure, babu ƙwaya. Ya ce, "Ɗan'uwa, kunyarka ta surukinka ce, amma shinkafar tawa ce." Bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga.

Alhamis, 17 ga Maris
Maganar ta kai kunnen Baba, wannan karon ba ta rame ba. Ya kira ni gindin mangwaro. "Tun Talata ka sani?" Na ce e. Ya ce, "Da likita nika ba ɗiyata, haka za ya bar ni in mutu don kunya?" Ya ce zai raba abin da ya tsira da Philip. Bai yi zancen rana ba, ni ma ban tambaya ba.

Zulai'atu ba ta yi dariya ba yau.

Litinin, 21 ga Maris
Sabuwar inbata ta iso. Na yanke tsohon haɗin, cikinsa kore shar, ruwa na ɗiga. Na sa akwati, na ɗaure a kan turke. Waya ta ba da megom 180. Famfo ya tashi, amfiya 9.4, babu GF. Amma ga Philip kam, an makara.

Ruwa ya sake ja, Baba ya ce jibi za a ƙara matsar da famfo, ya fito da robarsa daga aljihu. Na ce, "A'a, Baba. Ba da wannan ba. Ni zan haɗa." Philip na tsaye. Baba ya dube ni, ya mayar da robar aljihu.

Sai da na hau mashin na tuna ban sunkuyar da kai ba. Wataƙila rana ce ta dame ni.