Faɗin Ƙofar Zauren Taro

Zuwa ga ɗana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Allah ya tsare ka daga abokan banza da cin haram, ya sa aikin da ya kai ka can ya zame maka alheri duniya da lahira. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Gwiwata ta yi sauƙi, ina shan maganin da ka aiko ko da yake ɗacinsa ya fi ƙarfina. Yayarka ta zo da yaranta ta yi mana kwana huɗu, sun fasa mini kofi biyu sun tafi. Kawunka ya tashi daga jinyar da ya yi, har ya koma yi wa mutane faɗa a bakin titi, da haka muka gane ya warke.

Na zaɓi in rubuta maka da hannuna ne domin na san halinka a waya. Kafin in kai tsakiyar magana ka riga ka amsa mini da to sau uku, hankalinka kuma yana kan kwamfuta, ina jin ƙarar yatsunka. Takarda kuwa ba a katse ta. Mai hoto na bakin layi zai ɗauki waɗannan shafuka ya turo maka ta waya yau ɗin nan. Ka zauna ka karanta har ƙarshe, ba a tsaye ba.

Maganar taron nan ce na masu sana'a na layinmu, wanda za a yi ranar Asabar ta ƙarshen wata a zauren makarantar firamare. Na taɓa faɗa maka a gurguje, yanzu bari in faɗa maka dalilinsa. Shaguna sun fi hamsin a layin nan, amma tela idan yana son kantar ajiye kaya sai ya tafi wata unguwa neman kafinta, alhali shagon ƙaninka yana bayan nasa. Mai makaranta yana sayo kujerun ƙarfe daga nesa, mai walda kuwa yana zaune a ƙofarsa yana korar ƙuda. Shi ne mai gidan burodi, wanda yake shugaban ƙungiyarmu, ya ce a haɗu rana ɗaya, kowa a ba shi wuri ya ajiye aikin hannunsa, a gayyato masu makarantu da masu gine-gine da masu otal, a san juna, a karɓi lambar juna. Ni aka ɗora wa yaɗa labari, wai don na yi sakandare kuma ba na jin nauyin buga ƙofar kowa. Da na karɓa sai na tuna ina da ɗa wanda wannan ne aikinsa, na roƙe ka ka tsara mana takardar talla.

Ka tsara, ka turo cikin kwana biyu, Allah ya yi maka albarka. Takardar ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Mutum huɗu sanye da kwat, haƙora farare, suna musafaha a gaban wani gini na gilashi, ga manyan kalmomin Turanci a sama. Aka buga guda sittin. Ni da kaina na ɗauki roba da gam na bi bango ina liƙawa, ina gaya wa duk wanda ya tsaya cewa ɗana ne ya yi. Na ajiye littafi a gidan burodi don mai son wuri ya rubuta sunansa. Kwana goma suka wuce, na je na buɗe littafin, suna bakwai na tarar. A cikin bakwai ɗin akwai shugaba, akwai mai kemis, akwai ni da ba ni da shago.

Sai na ɗaura mayafina na bi shaguna ɗaya bayan ɗaya, da niyyar in yi musu faɗan lalaci. Mai walda ya ɗage gilashin fuskarsa ya tambaye ni ko tela yana ba da hayar kwat, ko kuwa za a bar shi ya shiga da rigarsa mai ramukan wuta. Tela daga can ya amsa masa cewa ko ya ɗinka masa, wuyansa ba na kwat ba ne. Mai faci ya ce shi ya ɗauka tallan banki ne, har ya cire ɗaya ya toshe tagar da rana ke shigo masa. Mai gyaran takalmi ya duba hoton da kyau ya ce mini, Hajiya, irin waɗannan ba sa kawo gyara, takalminsu idan ya tsufa jefarwa suke. Mai kitso ta ce ta ga mace ɗaya a ciki, amma wannan gashin ba a hannun irinsu aka yi shi ba. Duk cikin dariya suke faɗa, ni ma na yi dariyar. Amma da na juya na kama hanyar gida na gane babu wanda ya yi wasa a cikinsu. Sun duba takardar sun nemi kansu ba su gani ba, suka gane ba da su ake ba.

Da a nan abin ya tsaya da ban ɓata takarda ba. Abin da ya sa na zauna rubutu shi ne ƙaninka Auta. Ka san tun da mahaifinku ya rasu, Allah ya jiƙansa, shekara biyu ke nan, aiki ya ja baya a shagon. Ba don aikin ya lalace ba. Kai ba ka nan, amma ni na san cewa shekarun ƙarshe da hannun mahaifinku ya fara rawa, duk ƙofa da gadon da ya fita daga shagon nan Auta ne ya yi, mahaifinku yana bakin ƙofa yana hira da masu saye. Shi ke da baki, Auta ke da hannu. Da bakin ya tafi sai mutane suka ɗauka hannun ma ya tafi. Ƙaninka kuwa ka san shi, mutum zai shigo ya tambayi kuɗin kujera, ya faɗa masa, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da aiki, ko sannu da zuwa babu. Ni don shi na karɓi wahalar taron nan da wannan gwiwar tawa, ban gaya wa kowa ba sai kai yau.

Da na ga babu sunansa a littafin na same shi a shago. Na yi masa faɗa sosai, ya bar ni na gama. Sannan ya ce mini ya riga ya yi magana da wani mutum da zai sayi kayan aikin gaba ɗaya, injin yankan katako da benci da zartuna har da gudumar mahaifinku, kuma mutumin zai zo da mota ranar Lahadi, washegarin taron. Ya ce an yi masa hanyar aikin lodin kaya a wani babban sito a wani gari. Na tambaye shi me zai hana ya gwada taron tukuna. Ya nuna mini takardarka da na liƙa a ƙofar shagonsa, ya ce ai Yaya ya riga ya nuna masa kamannin mutanen da ake zama da su a yi maganar kasuwanci. Yana faɗa yana duban tafin hannunsa, duk gam da fenti da tsohon tabon zarto. Bai ɗaga murya ba. Da ma ya yi mini tsawa da ya fi mini sauƙi.

Ban ce ka yi da gangan ba. Amma ka saurare ni. Kuɗin makarantar da ta koya maka wannan aikin daga ƙurar katako ya fito. Mahaifinka bai taɓa sa kwat ba har ya koma ga Allah, kuma babu ranar da aka kore ka daga aji. An ce ka zana mutanen da suka raine ka, sai ka je ka ɗauko baƙi waɗanda ba su san hanyar layinmu ba. Wanda ya yi ilimi ya rasa ganin darajar hannun da ya ciyar da shi, ilimin nan da saura. Ka tambayi kanka tun yaushe ka fara ganin mutunci a tufafi yake. Idan zaman can ne ya koya maka, to ka rage abin da kake ɗauka daga can.

Ni ma ba zan wanke kaina ba, don ban saba faɗa wa wani gaskiya in ɓoye tawa ba. Da na dawo gida na zauna a falo na ɗaga kai, sai ga hotonka a bango, kai ma da kwat, ranar da ka gama karatu. Duk baƙon da ya shigo sai na nuna masa. Kujerar da nake zaune a kai kuwa, wadda Auta ya yi mini da dogon baya saboda ciwon ƙuguna, shekara uku ina hutawa a kanta ban taɓa ce wa baƙo ga wanda ya yi ta ba. Ashe ni na fara liƙa irin wannan takardar, tun kafin taka, kuma a cikin gida. Na roƙi Allah gafara, shi Auta kuma ban san ta inda zan fara ba, don bakina bai saba ba.

Washegari na ɗauki mai hoto muka bi layin. Na ce kada kowa ya canza riga, kada ya wanke hannu. Mun ɗauki mai walda da tartsatsin wutarsa, tela da zare a baki, mai faci ya rungumi taya, mai kitso da matajinta, mai burodi yana fito da tire daga wuta. Mutum ashirin da shida. Duk wanda aka ɗauka sai ya tambayi ina littafin yake, yanzu sunaye sun kai talatin da ɗaya. Auta ya ƙi a ɗauki fuskarsa. Mai hoto ya lallaɓa shi ya ce to ya ci gaba da aikinsa kawai, ya ɗauki hannayensa biyu a kan katako, da gudumar mahaifinku a gefe. Da aka nuna mini hoton sai da na nemi wuri na zauna, domin hannun mahaifinku na gani sak, har yadda yake lanƙwasa babban yatsa.

Ga abin da nake so. Za a turo maka hotunan tare da wannan takarda. Ka sake tsara mana talla kafin ranar Laraba, don mai buga takardu yana son kwana biyu. Ka sa kowa a ciki, kada ka bar mutum ɗaya don rigarsa ta yi datti, kuma kada ka goge musu fuska da na'urarka su fito kamar waɗanda ba su taɓa shiga rana ba. Hannayen ƙaninka su zauna a tsakiya. Rubutun ya zama da harshen da muke magana da shi: rana, wuri, lokaci, da cewa kowa ya zo da aikinsa da kayan jikinsa na aiki, shiga kyauta. Bayan haka ka kira Auta. Kada ka ba shi shawara, ya gaji da shawararmu. Kada ka ce za ka turo masa wani abu. Ka tambaye shi yadda ake haɗa ƙafar tebur ba tare da ƙusa ba, ka yi shiru ka saurara, don ya san akwai abin da ya sani wanda kai ba ka sani ba.

Har yanzu bai rubuta sunansa ba, bai kuma ce wa mai sayen kaya kada ya zo ba. Amma akwai wani babban tebur na cin abinci da suka fara da mahaifinku ba su gama ba, yana jingine a ƙuryar shago an rufe shi da buhu tun ranar rasuwa, ba ya bari a taɓa. Jiya da safe na wuce na ga an janye buhun. Da rana ya shigo cin abinci, ya gama, ya wanke hannu, har ya kai bakin ƙofa sai ya juyo ya tambaye ni ko na san faɗin ƙofar zauren makarantar. Na ce ban sani ba. Ban tambaye shi dalili ba, shi ma bai faɗa ba. Yana fita na ari awon tela na tafi makarantar da ƙafata, maigadi ya riƙe mini bakin awon. Na rubuta faɗin ƙofar a 'yar takarda na ajiye masa a kan benci ƙarƙashin guduma. Teburin zai shiga, in an karkata shi kaɗan.

Ka gai da matarka, ka ce mata na gode da zanen, kuma ta rage ba yara kayan zaƙi. Ka shafa mini kan takwarata da ƙanenta mai ƙiriniya. Yayarka da mijinta suna gaishe ka, haka kawunka, da gwaggonka da ke cewa ka manta da ita. Mai gidan burodi ya ce a gode maka tun kafin ka yi. Allah ya shirya mini ku, ya haɗa kanku bayan raina. Laraba na ce, ba Alhamis ba.

Ni ce mahaifiyarka.