Takardar da Ta Tafi da Daddawa

Haɗejiya,
Jihar Jigawa.

Zuwa ga 'yata Bushira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Abdulmannan da sanyin Dublin. Allah ya ƙara muku lafiya. Mu nan ƙalau, ruwa ya ja baya, shinkafar fadama ta tsira. Ni ne dai ban tsira ba.

Kin tuna akwatin ƙarfen da marigayi Alhaji Shu'ibu ya bar mini amana, wanda na yi wa masinja yana kwamishina a zamanin soja? Wasiƙunsa na ofis ne a ciki. Da kogi ya shigo mana bana, ya jiƙe, na baje takardun a tsakar gida su sha rana. Ubanki mai digirin aji huɗu ya duba, ya ga Turancin ya tsufa, sai ya ce wa uwarki Mairo ta ɗebi kaɗan ta ƙunsa daddawa.

Ranar Talata sai ga mota a ƙofar gida, da wani jami'i daga Dutse, da soja a bayansa. Wallahi Bushira, gwiwoyina suka riga bakina gaisuwa. Jami'in ya ce iyalan marigayi sun ba gwamnati wasiƙun, kuma kowace tana da lamba. Ya zauna a tabarmata yana jerawa, ni ina zuba masa fura ina zubar da rabi. Mairo ta bi maƙwabtan da suka karɓi daddawarta ta karɓo guda shida, duk suna wari. Saura ɗaya: wadda gwamnan soja ya rubuto kan wani injiniya ɗan Ailan da ya auna jingar da ke tare mana ruwa, da taswira a bayanta da jan hatimi. Ya ce ana nemanta kafin a gyara jingar, ya ba ni mako uku. Sojan kuwa takalmina kawai yake kallo. Tun ranar ko Keke Napep ya tsaya sai in leƙa ta katanga. Buba mai kifi ya ce in an tafi da ni zai riƙa kai mini banda, amma ban yi dariya ba.

Jiya Mairo ta tuna. Ƙullin daddawar da muka ba Adila maƙwabciyarmu ta kawo miki Dublin, da takarda mai jan hatimi aka naɗe shi, wai ta fi kauri. Wato zancen ɗan Ailan ya koma garinsu, ni ko Legas ban taɓa zuwa ba.

Don Allah 'yata, ki duba kicin. In tana nan, kada ki wanke, kada ki goge, ki ɗauki hotonta gaba da baya ki turo, sannan ki aiko ta da warinta. In kuwa kin jefar, kada ki faɗa wa uwarki. Ni za ki faɗa wa, in san ko zan haɗa 'yar jakata.

Mairo da Kamila da Gwaggo 'Yar'azumi suna gaishe ku. Ki shafa mini kan jikata Amira.

Ubanki da ke zaune kusa da waya,
Muttaka Masinja